Yadda Maharbi Ya Koma Ɗan Rakiya a Dajinsa

Ran 21 ga Afrilun 1909 jirgin ruwa ya sauke Theodore Roosevelt a gaɓar Mombasa, mako bakwai kacal bayan ya miƙa mulkin Amurka. Farauta ce ta kawo shi, shi da ɗansa Kermit, amma wanda ya ga ayarin da ke jiransu a filayen Kapiti, kudu maso gabas da Nairobi, sai ya rantse yaƙi za a fita. 'Yan dako sun haura 200, kowa da kayan da ya kai kilo 27 a ka. Ga masu gadi da bindigogi, ga kuku da yaransa, ga masu kula da dawaki, ga masu fiɗa, ga masu riƙe wa maigida bindiga. Gishirin adana fatu kaɗai tan 4 ne. Akwai akwatin littattafai kusan 60 da aka yi wa bango da fatar alade don kada laima ta ci su, da tabarau 9 na ko-ta-kwana, domin tsohon shugaban ba ya gani sosai, idonsa na hagu ma ya mutu tun wani dambe da ya yi yana kan mulki. A gaban ayarin kuma mutum guda ne ke tafe da tutar Amurka.

Ba Roosevelt ne ya haɗa wannan kaya ba. Wani kamfani ne a Nairobi, Newland da Tarlton, na wasu 'yan Ostareliya biyu, ya ɗauki kwangilar komai daga tanti har cokali. Madugun tafiyar shi ne R. J. Cuninghame, tsohon maharbin giwa, shi ke faɗin inda za a kwana da inda za a dosa da asuba. Kuɗin kuwa attajirai irin su Andrew Carnegie suka zuba da sunan cibiyar Smithsonian, wadda ke son fatu da ƙasusuwa don gidan tarihinta na Washington. Da ayarin ya isa Khartoum a watan Maris na 1910, uba da ɗa sun harbe manyan namun daji 512, ciki har da zaki 17, giwa 11 da karkanda 20. In aka haɗa da tsuntsaye da ɓeraye da sauran ƙananan halittun da masanan da ke tare da su suka tara, lissafin ya wuce 11,000. Tara daga cikin karkandan nan farare ne irin na arewa, waɗanda aka harbo a yankin Lado, yamma da kogin Nilu. Yau biyu suka rage a duniya, duka mata, suna kiwo a Kenya ƙarƙashin gadin masu bindiga.

Littafin da Roosevelt ya fitar a 1910 kan tafiyar ya yi kasuwa, ya kuma koya wa masu hali na Amurka da Turai wani sabon abu: ana iya sayen farauta. Ba sai ka san daji ba, ba sai ka iya bin sawu ba, ba sai ka taɓa kwana da ƙishi ba. Ka biya, a kai ka har gaban zaki, naka kawai jan kunamar bindiga.

Shekara 40 kafin wannan, Baturen da ke son giwa ba haka yake samunta ba. Frederick Selous, wanda ya taimaka wajen shirya wa Roosevelt tafiyarsa har suka shigo jirgi ɗaya, ya sauka a Afirka ta Kudu a 1871 yana ɗan shekara 19. A shekara ta gaba ya isa fadar Lobengula, sarkin Ndebele, a ƙasar da yau ake kira Zimbabwe, ya roƙi izinin harbin giwa. Sarki ya dube shi ya ga yaro ne, ya yi dariya ya sallame shi ya tafi duk inda ya ga dama. Abin lura a nan shi ne wa ke ba da izini. A wancan zamanin dajin na da masu shi, baƙo kuwa baƙo ne, sai ya durƙusa.

Wanda ya koya wa Selous sana'ar wani baƙin maharbi ne ɗan ƙabilar Khoikhoi da ake kira Cigar, wanda a da sukuwar dawaki yake yi wa Turawa a Grahamstown. Giwaye sun gudu sun shige ƙasar ƙudan tsando inda doki ba ya rayuwa, saboda haka a ƙasa ake bin su. Selous ya bi Cigar da ƙafa, bargo ɗaya, abinci naman da suka harba, abin sha ruwan da suka tarar. Bindigar Selous irin ta ɗure ce, ana auna mata albarushi da tafin hannu daga jaka, kuma in ta tashi har mai harbin takan jefar. Wata rana aka ɗura mata sau biyu bisa kuskure, ta yi jifa da shi, ta tsaga masa kunci, tabon bai ɓace ba har ya mutu. Da irin waɗannan bindigogi ya kashe giwa 78 cikin shekara uku. Shi kansa bai ɓoye ba a rubuce-rubucensa cewa bai ga wanda ya fi Cigar ƙwarewa da jarunta a gaban giwa ba. Bayan ya faɗi a yaƙi da Jamusawa a Beho Beho cikin Janairun 1917, aka sa wa wani makeken gandun daji a Tanganyika sunansa. Ba a sa wa ko tsauni ɗaya sunan malaminsa ba.

Na ƙarshe a wannan layi shi ne W. D. M. Bell, ɗan Sikotilan da aka yi wa laƙabi da Karamojo, wanda ya kashe giwa 1,011, mafi yawansu da ƙaramar bindiga. Sai da ya sa zarto ya tsaga ƙoƙon kan giwa ya ga inda ƙwaƙwalwa take kafin ya ƙware a harbi ɗaya. Waɗannan mutane ba 'yan wasa ba ne, 'yan kasuwar haure ne, kuma ɓarnar da suka yi ba kaɗan ba ce. Amma dai guminsu suka ci.

Su ma ɗin, a kan hanyar wasu suka bi. Tun kafin Bature ya leƙo, fataken Larabawa da Suwahili na fita daga Bagamoyo da Mombasa da ɗaruruwan 'yan dakon Nyamwezi su shiga cikin ƙasa neman haure. Tsarin madugu da 'yan dako da masu gadi da kamfanonin Nairobi suka sayar wa attajirai, gadon waɗannan fatake ne. Hauren da fataken ke saye kuwa, maharban ƙasar ne ke kawo shi.

A cikinsu babu kamar Waata, waɗanda maƙwabtansu ke kira Waliangulu, mazauna busasshen dajin ƙaya da ke tsakanin kogin Galana da kogin Tana a gabashin Kenya. Mutane ne ƙalilan, ba su noma sosai, ba su kiwo, giwa ce gonarsu. Bakansu na cikin mafiya ƙarfi da aka taɓa aunawa a duniya, jansa ya fi nauyin kilo 45, Turawa majiya ƙarfi da yawa sun gwada sun kasa. Dafin kibiyarsu daga itacen akokantera ake dafa shi har ya yi baƙi ya yi kauri, galibi a hannun maƙwabtansu Giriyama suke saye, sannan a naɗe kan kibiyar da 'yar fata don kada rana ta kashe shi. Maharbi zai cire takalmi, ya saki ƙura daga yatsunsa ya ga inda iska ta nufa, ya saɗaɗo ta ƙarƙashinta har sai ya rage taki kaɗan tsakaninsa da giwar, sa'annan ya sakar mata kibiya a ciki, inda fata ba ta da kauri kuma dafi zai yi saurin bin jini. In dafin sabo ne, ba ta nisa. In ya kwana biyu, sai a bi sawu yini guda ko fiye, ana duban inda ungulu ke shawagi. In ta faɗi, iyali gaba ɗaya ke tasowa su kafa bukkoki kusa da gawar, a yanyanka naman a shanya, a ci har ya ƙare. Hauren ya bi ta hannun dillalai zuwa shagunan Larabawa da Indiyawa a Mombasa.

Bahaushen da ya tashi kusa da gidan maharba ba zai ji wannan baƙon labari ba. Ya san dafin kwankwani, ya san maharbi mai ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa har barewa ta sake da shi. Ilimi ne da ba ya cikin littafi, ɗa ke ɗauka a bayan ubansa shekara da shekaru, kuma mai shi ba ya neman izinin kowa sai na manyan sana'arsa.

Takarda ce ta rushe wannan, ba bindiga ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar. A watan Mayun 1900 ƙasashen mulkin mallaka suka zauna a Landan suka sa hannu kan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka, babu ɗan Afirka ko ɗaya a zauren. A 1903 aka kafa ƙungiyar kare namun dajin daular Ingila, wadda yawancin manyanta tsofaffin maharba ne, har jaridun ƙasarsu na yi musu ba'a da cewa mahauta ne da suka tuba. Dokokin da suka biyo baya a Kenya sun raba mafarauta gida-gida. Baƙo mai ziyara zai sayi lasin na fam 50, Baturen da ya zauna a ƙasar ya sayi na fam 10. Ɗan ƙasa ba shi da kuɗin, ba shi da bindigar, kuma dabarun da ya gada, wato rami da tarko da raga da dafi, su ne aka bi ɗaya bayan ɗaya aka haramta da sunan rashin tausayi. Wata yarjejeniyar da aka sake ƙullawa a Landan a 1933 ta ƙara ɗaure wannan. Giwa ta zama ta gwamnati, haurenta ma haka, ko da mushe aka tsinta.

Ba a ce babu dalili ba. Annobar bushiya ta shekarun 1890 ta kashe ɓauna da sauran namun daji ba adadi, kasuwar haure kuma ta riga ta share giwaye daga yawancin kudancin Afirka. Ana bukatar doka. Sai dai dokar da aka yi ta dubi launin mai harbi da aljihunsa fiye da yadda ta dubi yawan abin da ake kashewa. Zaki ma a farkon ƙarnin ba ya cikin lissafi, maɓarnaci aka ɗauke shi, kowane mai lasin na iya harbin iya son ransa.

Layin dogo da ya tashi daga Mombasa a 1896 ya iso Nairobi a 1899 shi ya mai da wannan wuri mai fadama cibiyar sabuwar sana'a. Daga otal ɗin Norfolk ayari ke tashi, can kuma yake dawowa a yi shagali. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mota ta maye gurbin yawancin 'yan dako, tafiyar wata uku ta koma ta mako huɗu, jin daɗi kuma ya ƙaru: bahon wanka na tamfol da ruwan zafi, tebur da farin ƙyalle, giya mai sanyi a tsakiyar daji. George Eastman mai kamfanin Kodak ya zo a 1926. Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas, ya zo a 1928 ya sake dawowa a 1930, Denys Finch Hatton da Bror Blixen suka yi masa jagora. Blixen har jirgin sama yake sawa, wata matuƙiya Beryl Markham ta yi shawagi ta gano masa inda giwa mai manyan haure take, ta jefo masa takarda. Marubuci Ernest Hemingway ya zo a ƙarshen 1933, Philip Percival ya fita da shi. A 1934 jagororin suka kafa ƙungiyarsu ta ƙwararrun maharban Afirka ta Gabas, a Norfolk ɗin nan dai, Percival ya daɗe yana shugabancinta.

Kada a raina aikin jagoran, domin ba na rago ba ne. Shi zai yanki lasin, ya tsara sansani, ya gyara mota in ta lalace kwana uku daga gari. Shi zai dubi ƙahon ɓauna daga nesa ya faɗi ko ya kai a shigar da shi littafin Rowland Ward, kundin da tun 1892 ake rubuta mafi girman ƙaho da haure a ciki, wanda kuma saboda shi baƙi da yawa ke zuwa. Shi zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da baƙon da hannunsa ke rawa, ya sa harsashi na biyu a daidai lokacin da na farko ya kauce, wani lokaci ma ya rantse wa baƙon cewa nasa ne ya kashe. Ka'idar ƙungiyar ita ce ba a barin dabba da rauni. In damisa ta shige sarƙaƙƙiya da harsashi a cinya, baƙo ya koma mota, jagora ya shiga. Da yawansu sun fito da tabo, wasu ba su fito ba. Da dare kuma ya zauna gaban wuta ya yi ta ba attajiri da matarsa labari har su yi barci.

Sai dai in jagora ya shiga sarƙaƙƙiyar nan, akwai wanda ke gabansa. Mai bin sawu ne, ɗan ƙabilar Kamba ko Okiek ko Waata, ba bindiga a hannunsa, idonsa a ƙasa yana karanta ɗigon jini a kan ganye: mai kumfa na huhu ne, mai duhu na hanta, mai haɗe da ciyawa na tumbi, kuma wannan na ƙarshen shi ne mai hatsari domin dabbar na da sauran ƙarfi. A bayansa mai riƙon bindiga ta biyu, wanda dole ya tsaya cik in zaki ya taso, ya miƙa ta a daidai hannun maigida. Su suka san inda ruwa yake a watan da babu ruwa. Albashinsu 'yan sulalla ne a wata da tukuicin ƙarshen tafiya. A hotunan zamanin suna nan tsaye a baya, baƙo na zaune a kan gawar da bindiga a cinya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙofar ƙungiyar jagororin ma a rufe take gare su. Wanda ya fara keta ta ba Bature ba shi ne Bali Mauladad, Musulmi ɗan asalin Indiya haifaffen Nairobi, wanda ya yi aiki da kamfanin Ker da Downey har ya ci kambin gwarzon jagora a 1966.

Abubuwa biyu da suka faru a ƙasa ɗaya cikin shekara goma sha kaɗan sun isa su nuna yadda ma'aunin yake. Tsakanin 1944 da 1946 gwamnatin Kenya ta ɗauki wani ƙwararren maharbi, J. A. Hunter, ya share karkanda daga yankin Makueni don a zaunar da manoman Kamba. Ya kashe 996, aka biya shi ladan aikinsa. A 1948 aka shata gandun Tsavo, fili mai faɗin murabba'in kilomita sama da 20,000, ya haɗiye yawancin dajin da Waata ke farauta. Ba su matsa ko taki ɗaya ba, amma da safe suka wayi gari ɓarayi a inda aka binne kakanninsu.

A 1956 shugaban Tsavo ta Gabas, David Sheldrick, da mataimakinsa Bill Woodley, wanda bai daɗe da dawowa daga yaƙin Mau Mau ba, suka buɗe musu farmaki da dabarun da aka koya a wancan yaƙin: 'yan leƙen asiri, kundin sunaye, dirar dare a ƙauyuka, jirgin sama. Cikin shekara biyu mazajen Waata da yawa sun ɗanɗana gidan yari. Gwaninsu da ake ji da shi, Galogalo Kafonde, ya daɗe yana zille musu, daga baya ya kawo kansa. Su kansu masu kamun sun rubuta yadda ƙwarewar mutanen ta ba su mamaki, shi ya sa da aka sako su aka yi rububin ɗaukarsu aiki. Wasu suka zama 'yan sintirin gandun, wasu suka zama masu bin sawu a kamfanonin safari, har ya zama abin alfahari ga jagora ya ce mai bin sawunsa Waliangulu ne. Giwar da aka ɗaure mutum saboda ita, ita ce yanzu yake nuna wa ɗan Texas ya harba.

An yi yunƙuri ɗaya na gyara. A 1960 aka buɗe wani shiri a arewacin kogin Galana ƙarƙashin wani matashin ma'aikaci, Ian Parker, inda za a bar Waata su kashe adadin giwa da aka ƙayyade su sayar da nama. Baitulmali ta ce kuɗin haure nata ne. Nama kaɗai bai iya riƙe shirin ba, ya durƙushe, aka ba wasu 'yan kasuwa hayar filin suka yi wurin kiwon shanu.

Abin da ya zo bayan an karya baka ya fi baka muni nesa ba kusa ba. Farin 1970 zuwa 1971 ya kashe dubban giwaye a Tsavo. Farashin haure ya yi tashin gwauron zabi, masu ɗauke da bindigogi masu sarrafa kansu suka shigo daga arewa, manyan gwamnati kuma na da hannu a fataucin. Kenya ta hana harbin giwa a 1973, ta hana farauta gaba ɗaya a watan Mayun 1977, ƙungiyar jagororin ta watse, wasu suka koma ɗaukar baƙi masu kyamara, wasu suka ƙaura Sudan da Botswana da Tanzaniya. Haramcin bai ceci giwa ba. Daga kimanin 167,000 a 1973, abin da ya rage a Kenya a 1989 bai wuce 16,000 ba, shekarar da Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a gaban 'yan jarida.

Kudancin Afirka ya ɗauki wata hanya. Zimbabwe ta fara shirin CAMPFIRE a ƙarshen shekarun 1980, Namibiya ta yi dokarta a 1996, duka a kan tunani ɗaya: a bar baƙo ya biya dala dubbai ya harbi 'yan tsirarun dabbobi, a ba ƙauyukan da ke zaune da giwa da zaki rabonsu na kuɗi da nama, don su ga amfanin barinsu da rai. A wurare da dama, musamman a Namibiya, namun daji sun ƙaru, an gina azuzuwa da rijiyoyi. A wasu wuraren kuɗin ya maƙale a ofisoshin gunduma. Botswana ta hana farauta a 2014 ta sake buɗewa a 2019 bayan koke-koken manoman da giwa ke cinye wa gona. Duniya kan tuna da sana'ar ne kawai in abin kunya ya faru, kamar lokacin da Sarkin Sifen Juan Carlos ya karya ƙugu a farautar giwa a Botswana a 2012 ƙasarsa na cikin matsin tattalin arziki, ko lokacin da wani likitan haƙori daga Minnesota ya biya kimanin dala 50,000 ya harbi zakin da ake kira Cecil a bakin gandun Hwange a 2015. Ko a mafi kyawun waɗannan shirye-shirye, abin da ɗan ƙauye ya samu rabo ne daga harbin wani. Haƙƙin ya ɗauki makaminsa ya shiga da kansa bai dawo ba, sai a wurare ƙalilan.

Nijeriya ba ta taɓa samun kasuwar safari irin ta Nairobi ba, namun dajinta ba su kai yawan da za su jawo attajirai ba. Amma takardar ta iso. An yi dokar kare namun daji a 1916, aka keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu kallo a 1962, a cikin lardin da tarihin baka ke cewa sunan babban birninsa ma daga wani maharbi Baushe ya samo asali. Maharbin Hausa ya ci gaba da zama mai cin gashin kansa, da Sarkin Bakansa da karnukansa da gangin farautar rani, sai dai dajin na ta tsukewa a kansa. Da aka rasa masu sanin duwatsu da dazuzzukan Adamawa a yaƙi da Boko Haram a 2014, wurinsa sojoji suka zo neman jagora.

Inda sana'ar safari ta zauna da gindinta kusa da mu shi ne arewacin Kamaru. Ƙasa ce da Hausawa suka sani tun ƙarni na 19, lokacin da maharba ke bin giwa da sango, mashin nan mai dafi da ake ɗura wa bindiga, fatake kuma na kwasar hauren Adamawa daga Ngaundere da Banyo da Tibati zuwa Kano, daga can ya haye Sahara. Yau dajin da ke kewaye da gandayen Benuwe da Faro da Buba Njidda an yanka shi yankunan farauta fiye da 20, gwamnati na ba da hayarsu ga kamfanoni, yawancinsu na Turawa. Baƙi na sauka a filin jirgin Garwa da rani, a ɗauke su a mota zuwa sansani, babban abin da suke nema kuwa wani ƙaton gwanki ne mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa suka sa wa sunan Lord Derby, wanda ake bin sawunsa a ƙasa kwana da kwanaki cikin zafin Fabrairu da Maris. Masu bin sawun 'yan ƙauyukan yankin ne. Makiyayin da ya ratsa da shanunsa ko maharbin ƙauye da aka gani da bindigar gargajiya a cikin yankin, masu gadin kamfani ne za su kama shi.

Kamaru ɗin ce kuma a da ta daɗe tana cikin 'yan tsirarun ƙasashen Afirka da ke barin baƙo ya yi farauta ba tare da jagora mai lasin ba, alhali a Tanzaniya da Zimbabwe da Namibiya doka ta wajabta masa ɗaukar jagora. Wasu Jamusawa da Amurkawa masu ƙyamar farautar tanti da tebur sun riƙa zuwa saboda wannan dama, suna alfahari da cewa su da kansu suke yi kamar zamanin su Selous. Mutum zai yanki lasin, ya sayi shinkafa da gishiri da man gyaɗa a kasuwa, ya hau jirgin ƙasa ko motar katako zuwa inda hanya ta ƙare. Daga nan sai gidan sarkin ƙauye da 'yar gaisuwa a hannu, a tara masa 'yan dako goma ko sha biyar, a yi cinikin ladan kowace rana da rabon nama, a nemo masa mutum biyu da suka san sawu. A kurmin kudu maso gabas waɗannan biyun kusan kullum 'yan ƙabilar Baka ne, da ƙananan karnukansu.